Yadda ƙwayoyin roba ke jeruwa su zama kiristal a cikin ruwan sinadari

Leda, bido, bokiti, baƙin tiyon ban ruwa da igiyar roba duk dangi ɗaya ne, wanda masana kimiyya ke kira polima. Bidon mai da leda mai laushi ma sinadarinsu ɗaya ne, wato poliyetilen, amma shi bido yana da tauri, ita leda kuwa hannu ke yaga ta. Bambancin yana cikin yadda ƙwayoyinsu suka zauna. A jikin kowace irin wannan roba akwai sashen da ƙwayoyin suka jeru cikin tsari, shi ne ake kira kiristal, akwai kuma sashen da suka cukurkuɗe. Yawan kowane sashe shi ke yanke ƙarfin robar, da zafin da za ta iya jurewa, da tsawon zamanta a ƙasa bayan an yar da ita.

An fahimci yadda wannan jeri ke samuwa ne ta hanyar wani gwaji mai sauƙi: a narkar da roba ƴar kaɗan a cikin ruwan sinadari mai zafi, a bar shi ya huce, sannan a duba abin da ya fito. Abin da aka gani a 1957 ya ba masana mamaki, domin an tarar dogayen ƙwayoyin suna ninke kansu ne kafin su jeru.

Polima da kiristal

Kowane abu an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake kira atom. Idan atom kaɗan suka haɗu sai su ba da molekil. Molekil ɗin ruwa atom uku ne kawai. Shi kuwa na polima dogo ne ƙwarai, kamar carbi mai dubban ƴaƴa: ƙaramin guntu ɗaya ne ake ta maimaitawa har ya zama sarƙa. A poliyetilen, guntun shi ne atom ɗin karbon ɗaya riƙe da atom biyu na haidirojin. Sarƙa mai matsakaicin tsawo tana ɗauke da karbon kusan 7,000.

Kiristal kuwa shi ne duk wani abu mai ƙarfi da ƙwayoyinsa suka jeru layi bisa layi, tazara iri ɗaya, kamar tubali a jikin katanga. Gishiri misali ne da kowa ya sani. A ramukan gishiri na Bilma, rana na shanye ruwa har ya kasa riƙe gishirin da ke cikinsa, sai ƙwayoyin su fara haɗuwa suna fitowa fili. Haka sukari ke daskarewa a gindin kwalbar zuma lokacin sanyi. A nan aikin ba shi da wuya, domin ƙwayoyin ƙanana ne, kowace na zuwa ta zauna a gurbinta ita kaɗai.

Ga polima lamarin ya fi haka wahala. A cikin ruwan sinadari, kowace sarƙa a dunƙule take kamar zaren da ya warware daga kan mazari ya cukurkuɗe, kuma ba ta daina motsi. Kafin ta shiga kiristal dole ne wani yanki nata ya miƙe ya kwanta kusa da wani, alhali sauran jikinta na nan a dunƙule yana jan ta baya.

Abin da aka ɗauka kafin 1957

Bajamushe Hermann Staudinger ne ya fara dagewa, tun 1920, cewa roba da makamantanta dogayen sarƙoƙi ne na gaske. Abokan aikinsa da yawa sun yi masa gardama, kuma sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel kan wannan aiki. A 1933 ne Eric Fawcett da Reginald Gibson, ma'aikatan kamfanin ICI na Ingila, suka samu poliyetilen a cikin wani gwaji da suke yi da matsanancin matsin iska. A 1939 wani masanin kamfanin, Charles Bunn, ya yi amfani da hasken X ya auna yadda sarƙoƙin ke jeruwa gefe da gefe.

Hasken X ya nuna akwai tsari a cikin roba, amma bai nuna siffarsa ba. Ra'ayin da ya yi rinjaye tun wajen 1930 shi ne cewa sarƙoƙi da yawa na haɗuwa su yi ɗan dami a wani wuri, su rabu, kowace ta wuce ta sake shiga wani damin. Bisa wannan ra'ayi, ba zai yiwu a samu kiristal na polima guda ɗaya tilo mai gefuna a miƙe ba. A 1938 wani masani a Amurka, K. H. Storks, ya duba siraran fallaye na wani ƙaron itace da ake kira guta-perka, ya ce ga alama sarƙoƙin ninkewa suke yi. Kusan shekaru 20 maganarsa ta yi ba wanda ya bi ta kanta.

Abin da ya buɗe hanya shi ne sabon poliyetilen da Karl Ziegler ya samar a Jamus a 1953. Sarƙoƙinsa miƙaƙƙu ne, kusan ba su da rassa, saboda haka suna jeruwa cikin sauƙi fiye da na ICI.

Shekarar 1957

A cikin shekara ɗaya, masana uku da ba tare suke aiki ba suka buga sakamako iri ɗaya: Andrew Keller a jami'ar Biristol ta Ingila, Paul Till a kamfanin DuPont na Amurka, da Erhard Fischer a Jamus. Dukansu sun narkar da poliyetilen a ruwan sinadari mai zafi, suka bar shi ya huce, suka duba abin da ya kwanta da mikroskop mai aiki da elektron. Sun ga ƙananan fallaye masu gefe huɗu a miƙe, siffarsu kamar murabba'in da aka ja daga kusurwa biyu ya ɗan yi tsawo.

Faɗin kowane falle bai wuce ƴan mikrometa ba, wato kashi kaɗan cikin dubu na milimeta. Kaurinsa kuwa kusan nanometa 10 ne. Nanometa ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimeta, don haka sai an ɗora irin waɗannan fallaye dubbai kafin su kai kaurin gashin kai guda.

Keller, ɗan asalin Hongiri da aka haifa a Budapest a 1925, shi ne ya fito fili ya faɗi abin da awon ke nufi. Hasken elektron ya nuna cewa sarƙoƙin a tsaye suke cikin fallen, daga ƙasa zuwa sama, kamar karan dawa a gona. To amma sarƙa mai karbon 7,000 idan aka miƙar da ita ta kai kusan nanometa 900, fallen kuma nanometa 10 ne kawai. Hanya ɗaya ce sarƙar za ta shiga: ta hau, ta lanƙwasa a saman fallen, ta sauko, ta sake lanƙwasa a ƙasa, kamar yadda ɗan kasuwa ke ninke turmin atamfa. Kowane miƙaƙƙen yanki yana ɗauke da karbon kusan 80, kuma sarƙa ɗaya na iya ninkewa sau 80 ko 90.

Yadda ake gwajin

Poliyetilen ba ya narkewa a ruwan sha, kuma a zafin ɗaki kusan babu ruwan sinadarin da ke narkar da shi. Wannan ne ya sa ake zuba fetur da kananzir a bido ba tare da ya narke ba. Sai an ɗumama ruwan sosai. Wanda aka fi amfani da shi shi ne zailin, wani ruwa da ake samu daga man fetur, mai tafasa a kusan digiri 140 na ma'aunin Selsiyus.

Ana zuba roba kaɗan ƙwarai, kamar giram ɗaya ko ƙasa da haka a cikin lita guda. Dalili shi ne a raba sarƙoƙin nesa da juna don kada su sarƙafe. Ana ɗumama ruwan ya haura digiri 100 har ya yi garau, sannan a sauke zafin zuwa wani mataki tsakanin digiri 70 da 90, a tsayar da shi nan. Bayan wani lokaci, mintoci ko awoyi gwargwadon zafin, sai ruwan ya fara yin hazo. Hazon nan fallayen kiristal ne ke yawo a ciki.

Aikin yana tafiya ne a mataki biyu. Na farko shi ne kafa iri. Ƴan yankunan sarƙa na haɗuwa bisa katari su yi ɗan ƙulli mai tsari. Mafi yawan waɗannan ƙulle-ƙulle suna wargajewa nan take, domin ƙaramin ƙulli kusan duk jikinsa a waje yake, yana gogayya da ruwa. Sai wanda ya kai wani girma ne ke tsira ya ci gaba. Sau da yawa ƙura ko wani datti da ke cikin ruwan shi ke zama wurin da ƙullin farko ke kamawa.

Don a kauce wa wannan katari, a 1966 Keller da D. J. Blundell, tare da André Kovacs na cibiyar binciken polima ta Strasbur a Faransa, suka fito da wata dabara. A fara samar da kiristal, a sake ɗumama ruwan daidai inda ido zai ga komai ya narke amma wasu ƙananan ɓurɓushi sun rage, sannan a sake saukar da zafin. Ɓurɓushin nan su ke zama iri. Da yake duk sun fara girma lokaci guda, fallayen na fitowa girmansu ɗaya, abin da ke ba da damar auna saurin girmansu.

Mataki na biyu shi ne girma, kuma a gefunan fallen yake faruwa. Dunƙulalliyar sarƙa na zuwa ta taɓa gefen. Wani yanki nata ya miƙe ya manne a tsaye. Wannan yanki na farko shi ne mai wuya, domin ba shi da maƙwabci a sabon layin. Da zarar ya kama, ya samar da lungu, sai sarƙar ta lanƙwasa ta ajiye yanki na biyu a cikin lungun, sannan na uku, har layin ya cika. Daga nan sai a jira wani yankin ya fara sabon layi. Fallen na ƙara faɗi, amma kaurinsa ba ya canzawa muddin zafin ruwan bai canza ba.

Dalilin ninkewa

Idan ana maganar tsarin da ya fi kowane ɗorewa, miƙaƙƙiyar sarƙa ce ke kan gaba. Kowace lanƙwasa tana takura wa atom ɗin da ke wurin, kuma tana rage wa kiristal ƙarfi. Duk da haka sarƙoƙin ninkewa suke yi, kuma dalilin shi ne sauri.

John Lauritzen da John Hoffman, na hukumar awo ta Amurka, su ne suka yi bayanin da aka fi koyarwa, a 1960. Abubuwa biyu ne ke jayayya. Idan yankin da ya manne gajere ne ƙwarai, fallen zai yi siriri har ya kasa tsayawa, domin takurar lanƙwasa ta fi ribar jeruwa, sai ya sake narkewa. Idan kuma yankin dogo ne, samun sarƙa ta miƙar da dogon sashe nata gaba ɗaya ta manna shi abu ne da ba ya faruwa sai jifa-jifa, don haka girman zai yi jinkiri. Kaurin da ke cin nasara shi ne wanda ya ɗan ɗara mafi ƙanƙantar da zai iya tsayawa, saboda shi ya fi saurin girma, kuma kafin sauran su yi nisa ya cinye robar da ke cikin ruwan.

Wannan bayani ya dace da abin da ake aunawa. Idan ruwan ya yi sanyi sosai, ko siririn falle na iya tsayawa, sai a samu kauri kusan nanometa 10. Idan zafin ya kusa digiri 90, sai falle mai kauri ne kaɗai ke tsira, a samu kusan nanometa 15, girman kuma ya yi sanyin jiki. Idan aka canza zafin ana cikin aiki, sai a ga tsani a jikin fallen daidai inda canjin ya same shi. Kenan kowane falle na ɗauke da shaidar zafin da ya girma a cikinsa.

Akwai wasu hujjoji uku da ke nuna cewa ninkewar ta gaggawa ce. Na farko, a 1960 W. O. Statton da P. H. Geil sun ɗumama busassun fallaye ba tare da sun narkar da su ba, sai suka ga sun ƙara kauri, ramuka kuma sun bayyana a jikinsu: sarƙoƙin sun zame sun rage yawan ninkinsu, suka jawo roba daga gefe. Na biyu, a 1964 Bernhard Wunderlich da abokin aikinsa a Amurka sun daskarar da poliyetilen ƙarƙashin matsi da ya ninka na iskar duniya sau dubbai, suka samu kiristal mai kauri da sarƙoƙinsa kusan a miƙe suke. Na uku, a 1985 masanan Biristol sun gwada sarƙoƙin da aka ƙera tsawonsu ɗaya daidai. Sun tarar cewa gajeru ba sa ninkewa, sai sarƙa ta kai karbon kusan 150 take farawa, kuma tana ninkewa ne gida biyu, uku ko huɗu cif, gwargwadon sanyin ruwan.

Kauri yana da alaƙa kai tsaye da jure zafi. Siririn falle na narkewa da wuri. Lissafi ya nuna cikakken kiristal na poliyetilen zai narke ne sama da digiri 140, amma robar bido na narkewa a kusan digiri 130 zuwa 135, ta leda mai laushi kuma a kusan 105 zuwa 115.

Siffofin da ke fitowa

Da aka ƙara dubawa, sai aka ga fallayen ba a shimfiɗe suke ba yayin da suke cikin ruwa. Suna da siffar tanti, wato dala mai rami a ciki. Kowane falle ya kasu sashe huɗu, kowane sashe ya girma daga gefe ɗaya, kuma lanƙwasar da ke samansa na bin layin wannan gefen. Da yake lanƙwasa na buƙatar wuri fiye da miƙaƙƙen yanki, kowane layi na ɗan sauka ƙasa da na bayansa, sai sashen ya karkata. Idan aka tsamo fallen aka busar da shi, tantin na ruftawa, ya bar tattara a tsakiya. David Bassett, Charles Frank da Keller ne suka yi aiki mai yawa kan wannan a Biristol.

Zafi da yawan robar da ke cikin ruwan suna canza siffar. A zafi mafi yawa, kusurwoyi biyu masu tsini na guntulewa, fallen ya zama mai gefe shida. Idan aka sanyaya ruwan da sauri, kusurwoyin na girma fiye da gefuna, domin su ne sabbin sarƙoƙi ke fara cimma, sai a samu siffa mai rassa kamar ganyen dabino. Wani lokaci kuma ƴar tsaga na samuwa a jikin fallen, gefe ɗaya ya hau kan ɗaya, girman ya riƙa zagayawa yana hawa kamar matakalar hasumiya. Ta haka falle ɗaya ke zama hawa-hawa. Dogayen sarƙoƙi su ke fara shiga kiristal, gajeru kuma sukan rage a cikin ruwan, abin da masana ke amfani da shi wajen tace roba bisa tsawon sarƙa.

Idan aka riƙa motsa ruwan da ƙarfi yana hucewa, sakamakon daban ne. Albert Pennings, na kamfanin DSM a Holan, ya nuna haka a 1965. Gudun ruwan na miƙar da mafi tsawon sarƙoƙin, su haɗu su zama siririn zare. Sauran sarƙoƙin kuma su zo su yi ninkakkun fallaye a jikinsa, tazara bayan tazara. A mikroskop abin kamar tsire yake: tsinke a tsakiya, yankan nama a jere. Sunan da masana suka ba shi ke nan a harsunansu.

Gardamar da ta biyo baya

Ba kowa ya yarda cewa sarƙa na ninkewa cikin tsari, kowane yanki kusa da na bayansa ba. Paul Flory na Amurka, wanda ya samu kyautar Nobel a 1974, ya ce tun 1962 sarƙar na fita daga fallen ne ta yi ɗan yawo, ta sake shiga a wani wuri daban, kamar wayoyin da suka harɗe. Gardamar ta yi zafi ƙwarai a wani taro da aka yi a Kambirij a 1979. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna kowane ɓangare na da rabonsa. A ruwan da robar ta yi kaɗan, inda kowace sarƙa ke da sarari, mafi yawan ninkin a jere yake. A narkakkiyar roba zalla, inda sarƙoƙi suka sarƙafe kuma lokaci ya yi kaɗan, rashin tsarin ya fi yawa.

Bayanin Lauritzen da Hoffman ma ya samu masu ƙalubalantarsa. A 1984 David Sadler da George Gilmer sun kawo wani: sarƙoƙi na yawan mannewa a gurguje ta hanyar da ba ta dace ba, kuma sai sun ɓalle kafin girman ya ci gaba. Duk bayanan biyu sun haɗu a kan cewa sauri ne ke zaɓar kauri.

Polimar da ke jeruwa da wadda ba ta jeruwa

Sharaɗin farko shi ne sarƙa ta kasance mai tsari iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Rassa na hana jeruwa, domin reshe ba ya samun gurbi a cikin fallen. Poliyetilen na bido, mai lamba 2 a gindinsa, ba shi da rassa sosai, kuma kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na jikinsa kiristal ne. Na leda mai laushi, mai lamba 4, yana da rassa da yawa, kiristal ɗinsa kusan rabi ne. Babu wata roba ta yau da kullum da ke kaiwa 100, saboda lanƙwasa da bakin sarƙoƙi da wuraren da suka sarƙafe kullum a waje suke ragewa.

Ƙaron ɗakwara misali ne na polimar da rassa suka hana jeruwa. Molekil ɗinsa reshe ne bisa reshe. Shi ya sa yake narkewa cikin ruwan sanyi, idan ya bushe kuma ya zama kamar gilas mai sheƙi, abin da ya sa yake riƙe tawada a jikin allo kuma ruwa ya wanke ta. Auduga kuwa akasin haka ce: sarƙoƙinta miƙaƙƙu ne, sun jeru sosai, ruwa ba ya narkar da su.

Tuwo ma yana nuna wani abu makamancin haka. Sitacin hatsi polima ne iri biyu, ɗaya miƙaƙƙe mai suna amiloz, ɗaya mai rassa mai suna amilopektin. Idan aka tuƙa tuwo, amiloz na fita ya bazu cikin ruwan zafi. Yana hucewa sai sarƙoƙin su naɗe juna biyu-biyu su fara jeruwa, tuwon ya kama jikinsa. Gajerun rassan amilopektin na jeruwa a hankali, cikin awoyi da kwanaki, shi ne ke ƙara wa tuwon jiya da burodin da ya kwana tauri. Ɗumame na narkar da jerin amilopektin, amma na amiloz sai zafin da ya haura na tafasar ruwa, don haka ɗumame ba ya komawa daidai da sabon tuƙi.

Amfanin wannan sani

A masana'anta, bido da bokiti daga narkakkiyar roba zalla ake zuba su, ba tare da ruwan sinadari ba. Amma da aka san abin da za a nema, sai aka tarar da irin waɗannan ninkakkun fallaye a cikinsu. A can suna tsirowa ne daga tsakiya ɗaya su bazu ko'ina su zama ƙananan dunƙule, waɗanda ke warwatsa haske, shi ya sa bido marar launi ke da hazo kamar madara. Tsakanin falle da falle akwai sashe mai laushi, da wasu sarƙoƙi da suka ratsa daga wannan fallen zuwa wancan suka ɗaure su. Fallayen ke ba da tauri, sashe mai laushin kuma shi ke hana robar fashewa idan ta faɗi.

Aikin Pennings ya haifar da sana'a sukutum. A ƙarshen shekarun 1970, Paul Smith da Piet Lemstra na kamfanin DSM sun narkar da poliyetilen mai dogayen sarƙoƙi ƙwarai a ruwan sinadari, suka tura shi ta ƙananan huda, ya huce ya zama zare mai danƙo, suka cire ruwan, sannan suka ja zaren ya ninka tsawonsa sau gommai. Da yake a cikin ruwa sarƙoƙin ba su sarƙafe sosai ba, ninkin na warwarewa cikin sauƙi, su miƙe su kwanta tare. Zaren da aka samu, mai suna Dyneema, ya shiga kasuwa a 1990. Idan aka gwada nauyi da nauyi ya fi ƙarfe ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana yawo a kan ruwa. Da shi ake yin rigunan kare harsashi, igiyoyin jiragen ruwa da zaren kamun kifi.

Sanin nan yana kuma bayyana abin da ke faruwa da robar da aka bari a rana. Iskar oksijin ba ta iya kutsawa cikin fallayen kiristal, sai sashe mai laushi. Hasken rana da oksijin na tsinka sarƙoƙin da ke wannan sashe, har da waɗanda suka ɗaure fallayen da juna. Guntayen da suka tsinke sukan jeru su ƙara kiristal. Robar sai ta ƙara tauri amma ta rasa danƙo, shi ya sa bokitin da ya daɗe a tsakar gida ke tsagewa da an ɗaga shi cike da ruwa. Baƙin tiyo ya fi daɗewa domin baƙin garin karbon da aka zuba masa na shanye hasken kafin ya shiga ciki.

Ledar da ta ruɓe a rana ba ta ɓace ba. Ta farfashe ne ta zama ƙananan guntaye, kuma sashen kiristal shi ne ya fi wuyar ci ga ƙwayoyin halittar ƙasa, saboda sarƙoƙin sun matse babu ta inda za su kama. Wadda ƙasa ta binne kuwa, ko ta shiga tumbin akuya ko saniya, hasken rana ma ba ya kai mata. A 2014 Nijar ta kafa dokar hana ƙerawa, shigowa da sayar da ledoji masu laushi, amma har yanzu suna cike da kwatoci da gonakin bakin gari a Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Ga masu tara tsohuwar roba suna sake narkar da ita, lambar da ke gindin kaya na da muhimmanci. Mai lamba 2 da mai lamba 5, wato polipropilen na kujeru da buhunan saƙa, kowanne da siffar sarƙarsa da zafin narkewarsa: na biyun sai ya kai kusan digiri 160 zuwa 165. Idan aka narkar da su tare, kowanne na jeruwa shi kaɗai, babu sarƙoƙin da ke ɗaure su, sai kayan da aka zuba ya fito mai saurin karyewa. A wasu ƙasashe an fara raba su ta hanyar narkarwa a ruwan sinadari, inda kowace roba ke narkewa kuma ta sake fitowa a nata zafin, irin gwajin da Keller da Till da Fischer suka yi a 1957.